Yadda Ake Kasuwancin Sunayen Shafukan Intanet: Saye, Sayarwa da Sanin Lokacin Saki

A shekarar 2019 kamfanin MicroStrategy ya sayar wa Block.one sunan voice.com a kan dala miliyan 30. Kafin nan, a 2010, Facebook ya biya wata ƙungiyar manoman Amurka dala miliyan 8.5 don ya mallaki fb.com, haruffa biyu kacal. Irin waɗannan labarai ne ke ɗebo sababbin shiga. Mutum ya ji, jikinsa ya ɗauki rawa, ya zauna dare ɗaya ya yi rajistar sunaye ashirin, sannan ya zuba ido yana jiran masu saye. Shekara ta zagayo, babu wanda ya taya ko ɗaya, sai saƙon kuɗin sabuntawa.

Ana samun kuɗi a harkar domen, wato sunan shafin intanet irin waɗannan, wannan babu ja. Amma wurin samun ba inda yawancin mutane ke kallo ba ne. Ribar tana wajen saye da hankali, da kuma iya rabuwa da sunan da bai yi ba kafin ya cinye jari. Sayarwa ita ce ta ƙarshe, kuma ita ce wadda ikonka a kanta ya fi ƙaranci.

Mataki na farko: san abin da kake saye

Ba a sayen domen a mallake shi har abada. Haya ce ta shekara-shekara, kuma a .com ba za ka iya biyan fiye da shekara 10 a gaba ba. Muddin kana biya, naka ne, kana iya sayar da haƙƙinka ga wanda ka ga dama. Ranar da ka daina biya, ya kama hanyar barin hannunka.

Hawa uku ne a samanka. Can ƙololuwa akwai ICANN, hukumar da aka kafa a 1998, mai tsara dokokin sunaye. Ƙarƙashinta akwai masu riƙe da kundin kowace jela, wato ƙarshen sunan da ke bayan ɗigo. Verisign ne ke riƙe da .com da .net. Sai kamfanonin rajista irin su Namecheap, GoDaddy, Dynadot, Porkbun da Cloudflare, waɗanda kai za ka yi hulɗa da su. A watan Satumban 2024 Verisign ya fara karɓar dala 10.26 a kan kowane .com a shekara daga hannun kamfanonin rajista. Riƙe wannan adadi a ka. Duk wanda ya ba ka .com a dala ɗaya ko biyu, faɗuwa ya yi a shekarar farko da niyyar fanshewa a kanka a ta biyu. Saboda haka kafin ka buɗe asusu a ko'ina, kuɗin sabuntawa za ka duba, ba na tallar shiga ba. Bambancin dala biyar a suna ɗaya ba komai ba ne, amma a suna ɗari biyu ya zama dala 1,000 duk shekara.

Mataki na biyu: lissafi kafin sha'awa

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, shi ne kuma ke raba masu daɗewa da masu wucewa. 'Yan harkar sukan ce mai tarin sunaye masu kyau yana sayar da kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari a shekara. A lura, masu kyau aka ce. Tarin shirme kan shekara biyar bai motsa ba.

Mu ɗauka kana da suna 200, kana sabunta kowanne a dala 12. Dala 2,400 ke nan a shekara, ko ka yi ciniki ko ba ka yi ba. Idan ka sayar da kashi ɗaya cikin ɗari, suna biyu ke nan. Kasuwar da ta haɗa ka da mai saye za ta cire la'adarta, a ce kashi 20. To sai ka sayar da kowanne a dala 1,500 kafin ka fitar da kuɗin haya kawai. Ba a zo maganar abin da ka kashe wajen sayensu ba, balle riba, balle lokacinka. Domen kamar dabbar kiwo yake, ko kasuwa ta yi ko ba ta yi ba sai ya ci.

Abu biyu ke fitowa daga wannan lissafi. Na ɗaya, sunan da ba za ka iya kallon idon mutum ka ce masa dala dubu ba, bai cancanci zama a hannunka ba. Na biyu, kada ka sa kuɗin da za ka nema nan da wata shida, kada kuma ka ci bashi. Mai saye kan zo bayan shekara uku, yakan zo bayan takwas, wani sunan kuma har ka gaji ba za a zo ba. Ka ware abin da za ka iya kashewa na shekara uku a jere, saye da sabuntawa duka, ka rubuta, kada ka ƙetare shi.

Mataki na uku: koyon gane suna

Kafin ka sayi ko ɗaya, ka yi makonni kana kallon kasuwa. Shafin NameBio na tara bayanan cinikin da aka bayyana, shafin DNJournal kuma na fitar da jerin manyan cinikayya. Ka riƙa dubawa kullum, kana tambayar kanka me ya sa wannan ya yi dala 300, wancan ya yi 8,000. Kada manyan lambobi su ɗauke maka hankali. Cinikin da zai ciyar da kai yana tsakanin dala dubu ɗaya zuwa biyar, can za ka zuba ido.

Tambayar da ta fi kowacce ita ce: wa zai sayi wannan, kuma me zai yi da shi? Ba amsar "wani zai so" ake nema ba. Ka shiga injin bincike ka gani ko akwai kamfanoni goma, ashirin, da ke amfani da kalmar a sunansu amma suna zaune a kan suna mai tsawo ko jela mara farin jini. Ka duba a jela nawa aka riga aka yi rajistar kalmar. Idan an kama ta a .net da .org da .co da wasu ashirin, alama ce ana sonta. Idan kai kaɗai ne a duniya ka taɓa tunaninta, kada ka ɗauka basira ce ta yi maka yawa. Yawanci dalili ne ya sa aka bar ta.

Sai gwajin kunne. Ka faɗa wa wani sunan sau ɗaya da baki, ka ce ya rubuta. Idan sai ka ƙara da "akwai ɗan layi a tsakiya", ko "huɗun lamba ce, ba kalma ba", sunan ya faɗi. Abu irin best-cheap-shoes24.com ko kyauta aka ba ka, ka ce a kai kasuwa. Gajarta na da daraja domin ƙidayayye ne. Sunayen .com masu haruffa uku guda 17,576 ne kawai, masu huɗu 456,976, kuma an daɗe da kwashe su duka. Kalmar ƙamus guda ɗaya ta fi komai tsada. Mai ƙaramin jari wurinsa kalma biyu ne da suka zauna da juna daram, irin waɗanda sabon kamfani zai iya rubutawa a allonsa ba tare da jin kunya ba. Gaskiya kuma a faɗe ta: mafi yawan kuɗin kasuwar nan a kalmomin Turanci yake, don haka wanda kunnensa bai gama nuna da Turanci ba ya riƙa tambayar wanda ya fi shi. Juya kalma biyu, ko ƙara harafin jam'i inda bai dace ba, na iya mayar da sunan dala dubu biyar ya koma na banza.

Game da jela, shawarata ga mai farawa ita ce ya tsaya a .com. An yi rajistar sunan .com na farko, symbolics.com, ranar 15 ga Maris 1985, yau kuma babu jelar da ta kamo ƙafar .com, akwai sama da suna miliyan 150 a ƙarƙashinsa. Wasu jelolin ƙasashe sun yi kasuwa: .ai ta tsibirin Anguilla ce, ta yi tashin gwauron zabi bayan fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022; .io ta yankin Birtaniya ce da ke tekun Indiya; .co ta Kolombiya; .tv ta Tubalu. Ana samu a cikinsu, sai dai kuɗin riƙonsu ya ninka na .com, .ai ma shekara biyu ake biya a tashin farko. Kuma jelar ƙasa tana bin dokar ƙasar da siyasarta. Da Birtaniya ta sanar a 2024 cewa za ta miƙa tsibiran Chagos, wato wancan yankin na tekun Indiya, ga ƙasar Moris, hankalin masu .io ya tashi a kan makomar jelar. Sababbin jeloli sama da dubu da suka fito daga shirin ICANN na 2012 kuwa, a nan ake yi wa baƙo wanka. Wasu sunayen cikinsu ana sa musu kuɗin sabuntawa na musamman, ɗaruruwan daloli duk shekara, mutum bai lura ba sai ya shiga.

A yi hattara da yayi. A 2015 'yan kasuwar Sin suka rufar wa sunaye masu haruffa huɗu marasa wasali, farashi ya ninka sau da yawa cikin 'yan watanni, a 2016 ya rikito. Waɗanda suka shigo a makare su suka kwana a ciki. Duk yayin da ka ji labarinsa a bakin kowa, masu cin ribarsa sun riga sun saya.

Mataki na huɗu: bincike kafin biya

Abu na farko alamar kasuwanci. Kada ka yi rajistar sunan da ke ɗauke da sunan wani kamfani, ko kuskuren rubutunsa, da tunanin za su zo su saya. Ba saye za su zo yi ba, ƙwacewa za su yi. Tun 1999 akwai tsarin da ake kira UDRP, wanda ka amince da shi ranar da ka yi rajista ko ka karanta ko ba ka karanta ba. Mai alama zai kai ƙara wurin masu sasanci, irin cibiyar WIPO, hukumar kare haƙƙin fasaha ta duniya da ke Janiba, ya nuna abu uku: sunan ya yi kama da alamarsa har ya rikita mutane, ba ka da wani haƙƙi a kansa, kuma da mugun nufi ka yi rajistarsa kake amfani da shi. In ya tabbatar, cikin kamar wata biyu an miƙa masa sunan, ko sisi ba za a ba ka ba, kuma hukuncin na nan a intanet da sunanka. A Amurka abin ya fi haka zafi, domin wata dokar 1999 ta ba kotu damar cin tarar dala 1,000 zuwa 100,000 a kan kowane suna. Binciken kyauta ne: ma'ajiyar alamomi ta WIPO, ta ofishin USPTO na Amurka da ta EUIPO ta Turai duk a buɗe suke.

Abu na biyu tarihi. Tsohon suna na zuwa da abin da aka aikata da shi. Ka sa shi a Wayback Machine, ma'ajiyar tsofaffin shafukan intanet, ka ga shafukan da suka taɓa zama a kai. Idan an yi caca ko batsa ko damfara a kansa, mai yiwuwa injunan bincike da masu tace saƙonni sun sa masa baƙin fenti, kuma mai saye mai hankali zai gano. Minti goma aikin ke ci.

Mataki na biyar: inda ake samo kaya

Hanya mafi araha ita ce rajistar sabon suna da hannunka. Ita ce kuma mafi cika hannu da kwantai, domin ana shekara arba'in ana tsince masu kyau. Ka ɗaure kanka da doka: duk sunan da ya zo maka, rubuta shi, bar shi ya kwana uku. Mafi yawansu da safe za ka ga ba su da kyan da suka yi da dare.

Inda ƙwararru suka fi samun kaya shi ne sunayen da masu su suka saki. A nan dole ka san tafiyar suna bayan wa'adinsa ya cika, ga ta a .com. Ranar da ya ƙare ba ya faɗuwa nan take. Kamfanin rajista na da damar riƙe shi har kwana 45, kuma a farkon wannan lokaci mai shi na iya sabuntawa. Kowane kamfani da nasa adadin kwanakin. Bayan nan sai zangon fansa na kwana 30, inda mai shi kaɗai ke iya dawo da shi, da tara mai ninkin kuɗin sabuntawa sau da yawa. Sai kwana 5 na jiran gogewa, babu mai iya taɓa shi. Sannan a sake shi ga duniya.

Sai dai suna mai kyau da wuya ya kai ƙarshen wannan hanya. Manyan kamfanonin rajista kan sa shi a gwanjo tun yana zangon farko: GoDaddy na da nasa gwanjon, Dynadot da Namecheap ma haka, wasu kuma na tura nasu NameJet ko SnapNames. Wanda ya tsallake har ya faɗo, kamfanonin cafka irin DropCatch na jiransa da ɗaruruwan hanyoyin rajista, su kama shi cikin ƙiftawar ido. Kada ka wahalar da kanka kana zaune da yatsa a kan madanni, ba za ka riga su ba. Oda ake ba su tun kafin ranar. In kai kaɗai ka nema, naka ne a kuɗin oda. In kun yi yawa, a buɗe muku gwanjo.

ExpiredDomains.net na jera dubban sunayen da ke faɗowa kullum, kyauta, da matatai. Ka tace: .com kawai, ban da lamba, ban da ɗan layi, kada ya wuce haruffa goma sha biyu ko sha huɗu. Abin da ya rage ka bi shi da ido. Rana da yawa ba za ka ga komai ba, hakan daidai ne.

A gwanjo kuwa, ka rubuta iyakarka a takarda kafin a fara. Yawancin wuraren nan in aka yi tayi a mintunan ƙarshe sai a ƙara lokaci, don haka ana iya shafe awa ana ƙara dala biyar-biyar, zuciya ta hau, ka tsinci kanka ka biya 900 a abin da ka yi niyyar 250. Ka tuna waɗanda kuke ja da su 'yan sari ne irinka. Farashin da ya dace a nan ɗan ƙaramin kaso ne na abin da kake sa ran mai amfani da sunan zai biya, kamar kashi biyar zuwa goma cikin ɗari, tunda shekaru za ka yi kana jira.

Mataki na shida: kulle ƙofa

A taƙaice: kalmar sirri mai ƙarfi, tabbaci mai hawa biyu (wato lambar wucin gadi bayan kalmar sirri) a asusun rajista da kuma imel ɗin da ke haɗe da shi, makullin hana canja wuri a kunne. Ɓarayin domen ta imel suke shigowa. Kada imel ɗin asusunka ya kasance a kan wani domen da kai kanka za ka iya mantawa ka sabunta. Sunayen da ba ka son rasawa ka kunna musu sabuntawa ta kai tsaye, ka kuma tabbata katin da ke ciki bai mutu ba. Mantuwa ba ta ƙananan mutane kaɗai ba ce, a 1999 Microsoft ya bar passport.com ya ƙare, sai wani can daban ne ya biya masa dala 35.

Mataki na bakwai: kasa kaya da sa farashi

Sunan da ba a san na sayarwa ba ne ba ya sayuwa. Ka sa shi a kasuwannin sayar da sunaye, wato Afternic, wanda GoDaddy ya saya a 2013, da kuma Sedo na Jamus. Amfaninsu shi ne suna da alaƙa da kamfanonin rajista masu yawa, ta yadda wanda ya je neman sunan a can zai ga farashinka a gabansa, ya biya nan take. Sunayen ƙirƙira masu daɗin faɗa kuma akwai Atom da BrandBucket, su sai sun tantance kafin su karɓa. La'ada kan kama daga kashi 10 zuwa 30, gwargwadon wuri da tsari, kuma tana canjawa, don haka ka karanta kafin ka sa. Sannan ka juya sunan ya nuna shafin "na sayarwa ne", domin mai saye na gaske abin da ya fara yi shi ne rubuta sunan ya ga me ke kai. Ajiye suna a shafin talla don tsintar kuɗin dannawa ya yi kasuwa a da, yanzu ɗan abin da ake samu bai kai a ɓata shafin saboda shi ba.

Farashi a bayyane ko "yi tayi"? Ga sunan da bai kai dala dubu biyar ba, ni ina ganin a rubuta farashi. Mai ƙaramin kamfani da ya ga suna da tsakar dare yana so ya biya ya wuce, in ka ce sai ya aiko saƙo ya jira, da safe ya samo wani. Babban suna shi ake barin ƙofar ciniki a buɗe. Ka kunna biya kashi-kashi in kasuwar na da shi, yana jawo wanda 2,400 ta yi masa nauyi amma 200 a wata ba ta yi ba, sunan kuma ba ya komawa hannunsa sai ya gama biya. Injunan kimanta farashi kuwa, ka ɗauke su abin leƙawa kawai. Cinikin da aka yi na sunaye masu kama da naka shi ne ma'auni.

In ka canja farashi ko ka sayar a wuri ɗaya, ka je ka gyara ko ka cire a sauran a ranar. Sayar da abin da ba ya hannunka na sa a rufe maka asusu.

Mataki na takwas: ciniki da karɓar kuɗi

A ce ka sa suna a dala 2,800, saƙo ya shigo: "Ɗalibi ne ni, ɗan aiki zan yi da shi, zan ba da 150." Wataƙila ɗalibin ne, wataƙila kuma ma'aikacin kamfani ne ya sa rigar ɗalibi. Kada ka ji haushi, kada ka yi dogon bayani. Amsa gajera: ka gode, farashin 2,800 ne, akwai biya kashi-kashi in zai taimaka. Sai ka yi shiru. In ya dawo da 800, mai saye ne, ka sauko kaɗan, 2,500. Kada ka taɓa rage wa kanka sau biyu a jere ba tare da shi ya motsa ba. Shirun kwana huɗu ba ƙarshen ciniki ba ne, sau da yawa yana can yana neman amincewar abokin harkarsa. Tun kafin tayi ya zo ka san adadin da za ka sallama, in an kai nan ka sallama. Da yawa sun ƙi dala dubu biyu suna hangen goma, suka ƙare da sakin sunan a banza.

Kana iya neman masu saye da kanka, ka aika wa kamfanoni 'yan kaɗan da sunan ya dace da su saƙo na layi uku. Yana aiki wani lokaci, amma wanda ya kai kaya ƙofar gida ba ya samun farashin wanda aka zo nema. Kuma kada ka aika wa mai alamar kasuwanci a kan kalmar, saƙon naka zai zama hujjarsa a gaban masu sasanci.

In cinikin bai bi ta kasuwa ba, a bi ta ɗan tsakiya mai riƙon amana irin Escrow.com: mai saye ya zuba kuɗi a can, a tabbatar maka sun shiga, ka miƙa suna, a sakar maka. Kai za ka shiga shafin da hannunka ka duba, kada ka yarda da hoton shaidar biya ko mahaɗin da aka turo maka. Miƙawa iri biyu ce. In ku biyun kuna kamfanin rajista ɗaya, turawa ce daga asusu zuwa asusu, mintuna kaɗan. In zai kai wani kamfani, ka buɗe makulli ka ba shi lambar izinin canji, abin ya ɗauki kamar kwana biyar zuwa bakwai. Ka sani sunan da aka yi wa sabuwar rajista ko aka canja masa kamfani kan zauna a kulle kwana 60, ka faɗa wa mai saye tun da wuri.

Akwai tsohuwar damfara da har yau take ci. Wani zai aiko cewa zai sayi sunanka dala dubu goma sha biyar, amma sai ka kawo takardar kimantawa daga wani shafi da zai nuna maka. Shafin nasa ne. Ka biya kuɗin takarda, ya ɓace. Mai saye na gaske ba ya sa mai kaya biyan komai. Ka kuma ajiye rasit na kowane saye da sayarwa, don haraji na bin dokar ƙasar da kake.

Mataki na tara: saki

Nan ne aiki mafi wuya, domin da zuciyarka za ka yi. Ka buɗe jadawali mai ɗauke da kowane suna: ranar saye, abin da ka biya, jimillar abin da ya ci zuwa yau, ranar ƙarewa, yawan masu leƙa shafinsa, da duk tayin da aka taɓa yi. Wata biyu kafin wa'adi ka zauna da shi. Kada ka jira saƙon tuni, ko da yake dokar ICANN ta wajabta wa kamfanin rajista ya aiko maka kamar wata ɗaya kafin ranar, ya sake aikowa saura mako.

Tambaya ɗaya za ka yi wa kowane suna: da yau na gan shi babu mai shi, zan biya kuɗin rajista in ɗauka? In amsar a'a ce, ya tafi. Abin da ka riga ka kashe a kansa ba dalili ba ne, wannan kuɗin ya tafi ko ka riƙe ko ka saki. "Na riga na biya shekara huɗu" ita ce maganar da ke sa a biya ta biyar. Sunan da ya shekara biyu ko uku babu tayi, babu masu leƙawa, ko yayin da ya sa ka saye shi ya wuce, ko wani ya yi rajistar alama a kan kalmar har riƙonsa ya zama haɗari, duk waɗannan na layin fita ne. A gefe guda, kada ka saki suna mai kyau don kawai shiru ya yi yawa. Kalma mai ma'ana da kamfanoni da yawa ke amfani da ita tana iya shekara shida ba a taya ba, rana ɗaya ta biya kuɗin tarin duka. Tayi ko na raini ne shaida ce cewa wani ya nema, sunan da aka taya sau biyu a ba shi wata shekarar.

Sabon shiga da ya yi wannan tankaɗe da gaskiya zai iya ganin rabin abin da ya saya a shekarar farko ya zube. Kuɗin da ya tsira a nan gara a haɗa shi a sayi suna ɗaya mai nauyi a gwanjo da a ci gaba da ciyar da talatin marasa amfani.

Kafin ka saki, gwada fitar da ko uwar kuɗi. Saura wata biyu ka karya farashi sosai, ko ka sa shi a gwanjon 'yan sari daga ɗan ƙaramin kuɗi. Dala 30 ta fi babu. In bai tafi ba, kashe sabuntawa ta kai tsaye, ka cire shi daga duk kasuwannin da ka sa shi, domin in ya koma hannun wani alhali tallarka na nan, rikici ne. Sannan ka duba ko ka taɓa buɗe imel a kansa, ko ka yi rajistar wani asusu da wannan imel ɗin. Duk wanda ya ɗauki sunan bayanka zai iya buɗe adireshi iri ɗaya, saƙonninka su riƙa faɗawa hannunsa, har da na sauya kalmar sirri. Ka canja adireshin a duk inda ka yi amfani da shi tukuna, sannan ka bar wa'adin ya cika.